Tarihin Malam Gwadabe Mai-zane da Tsohon Nan Mai Rawani

Haihuwarsa

An haifi Malam Gwadabe a Kurugu ta ƙasar Karaye a shekarar 1958, mahaifinsa Malam Sulle manomin gyaɗa, mahaifiyarsa Murja mai ƙuliƙuli. An rubuta tarihin nan ne domin al'ummar baya su san haƙiƙa, tunda wasu marasa kunya, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, suke kiransa mazambaci.

Neman sana'a

Bayan karatun allo da firamare a Karaye, a 1975 ya tafi Kano wurin Ɗanmaliki mai fentin motoci. A nan ya ga wani yagaggen littafi mai hoton wani tsoho da gemu da rawani, aikin wani gwanin Turawa na zamanin da. Maigidan ya ce ranar da ya iya idon tsohon nan da fentin mai, ranar ya zama mai zane. Sai ya duƙufa: ya ɗaure yadi a katako, ya ja layuka gida-gida da fensir, ya fara da duhu kafin haske, ya jira shafi ya bushe sannan ya ƙara wani, in ido ya fito kamar na tunkiya ya goge ya sake.

Aurensa da zamansa a Rogo

A 1984 ya auri Rukayya, baiwar Allah da ta jure warin kananzir har cikin miya, suka tare a Rogo Ruma yana rubuta allunan shaguna. Sai a 1991 Allah ya ba shi nasarar idon, ya jingina zanen a ƙofar shago ya sha iska.

Fitinar da ta biyo baya

Hajo mai koko ce ta fara wucewa, ta sauke ƙwarya ta durƙusa, wai wani babban shehi ne, ga idonsa na bin mutum. Kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. Duk wanda ya zo neman irinsa sai Malam ya ce, "Wallahi ba shehi ba ne, ko sunansa ban sani ba, Bature ya zana shi." Su kuma su ce tawali'u ne irin na bayin Allah. Alhaji Badaru, wanda yau ya fi kowa haƙiƙancewa cewa Malam mazambaci ne, guda biyu ya sa aka yi masa, ɗaya falo ɗaya rumbu, wai don ɓeraye.

A 2016 wani jikan Badarun ya nuna musu a waya cewa ainihin hoton yana rataye a gidan tarihi a Turai. Maimakon su ji kunyar kansu, sai suka juya kan Malam. Aka daina ba shi aiki, aka daina amsa masa sallama da kyau, mutumin da bai taɓa yi musu ƙarya ko sau ɗaya ba!

Rasuwarsa

Ya rasu ranar wata Talata cikin Sha'aban na shekarar 2023, bayan doguwar jinya, aka yi jana'izarsa a maƙabartar Rogo, sahu bai fi uku ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Nuriyya, Lukumanu, Jamilatu da auta Yusha'u.

Ranar sadakar uku Hajo ta shigo ɗakin Rukayya gaisuwa, ta zauna, ta ce, "Allah dai ya yafe masa cutar da ya yi mana."

Rukayya ta ajiye carbi ta ce, "Amin, Yaya Hajo. Tunda cuta ce, a aiko mana da zanen tsohon da ya yi miki, yara na son aikin ubansu."

"A aiko da wa? Wanda na tsufa ina yi wa turare? Ke kin san haihuwa nawa na yi lafiya a gabansa?"

Ta miƙe ko gyalenta ba ta gyara ba, ta fice, ta buga ƙyauren har langalangar rufi ta amsa.