Zanen da na ƙona

Wata Asabar ce, mako biyu kafin Kirsimeti, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na ƙona zanen zumuntar Mama, irin wanda matan cocinmu ke ɗaurawa bai ɗaya. Ta tafi kasuwar Muda Lawal auno gero, ni kuma Rifkatu sarkin rawar kai na ce bari in goge mata shi ta dawo ta yabe ni. Na cika dutsen guga da garwashi, sai na jiyo ƙawayena sun fara wasan 'yar gala-gala a ƙofar gida, na aje na fita. Kafin in dawo garwashi ya faɗo, ya ci zanen rami kamar tafin hannu. Tsoro ya ba ni dabara, na kai shi na shanya a igiyar da ke saman murhun maƙwabciyarmu Inna Hauwa.

Gidanmu na haya ne a unguwar Ɗan Iya, rijiya ɗaya, igiyar shanya biyu, shara kuwa kowane ɗaki da ranarsa. Inna Hauwa musulma ce mai tuyar ƙosai. Ita ke yi mini kitso, tana dungure mini kai in na cika motsi, ta sallame ni da ɓarɓashin ƙosai a takarda. Naman Sallarta yana shigowa ɗakinmu, shinkafar Kirsimetinmu tana shiga nata. Da Mama ta ga zanen, ta zaci tartsatsin murhun ne. Inna Hauwa ta ce, "Maman Rifkatu, wallahi ban ma ga an shanya shi ba." Mama ta ce ƙaryar ta fi ƙunar yi mata ciwo. Magana ta jawo magana, gaisuwa ta mutu tsakaninsu, ni kuwa na laɓe bayan randa.

Mama tana da wata al'ada. Duk Asabar ɗin da washegari za a ci Jibin Ubangiji a coci, sai ta bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ta durƙusa ta ce in ta yi wa wani laifi ya yafe mata. Takan ce, "Ba a zuwa teburin Ubangiji da ƙulli a zuciya." Wannan karon ta je har bakin labulen Inna Hauwa, ta tsaya, ta juyo. Ranar Lahadi mutane suka tashi karɓar gurasa, ita tana zaune a benci, kanta a sunkuye. Sau uku aka yi haka ina gefenta. Ina jin nauyin abin, amma kullum sai in ce gobe.

Ana cikin haka rikici ya tashi a gari. Da aka lafa, kowa ya fara neman unguwar da nasa suka fi yawa. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ɗakin Inna Hauwa a buɗe, sai duwatsun murhu. A ranar na faɗa wa Mama gaskiya. Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ta ce, "Ni na yafe miki, Allah ma mai gafara ne. Amma akwai wadda muka zalunta ni da ke, ɗauko takalminki." Mun ji an ce su Inna Hauwa sun koma unguwar Ƙofar Ran. Mun yi yini biyu muna bin lungu-lungu a ƙasa muna sallama, ba mu same ta ba.

Yanzu gashina ya yi furfura, Mama ta daɗe da rasuwa. Na ga ƙone-ƙonen da suka fi na zane, na binne waɗanda nake ƙauna, kuma na gaji. A cocinmu na yau kowa tashi yake ya karɓi gurasa, ban san mai bin ɗakuna ran Asabar ba. Ni ina bi, ko da gwiwoyina na ciwo, don na san gobe ba ta jiran mai tuba. Har yau in na shiga Muda Lawal, ina duba fuskar kowace tsohuwa mai ƙosai.