Baba Halliru, Mai Ajiyar Tabar Tsofaffin Isa

Idan aka sallame sallar asuba, Baba Halliru ba ya komawa shimfiɗa. Yakan cika buta da ruwan rijiya, ya rataya rawaninsa a kafaɗa, ya nufi rumfarsa da ke gefen kasuwar Isa. A bayan rumfar akwai wani ɗan ɗakin ƙasa marar taga, daɓensa yashin gulbi ne, an binne randuna a ciki har wuya. Ruwan butar na yashin ne, ko ɗigo ba ya shiga randa. Sai ya yayyafa a hankali, ya jira ƙasa ta sha, sannan ya durƙusa ya riƙa ɗaga faifan da ya rufe bakin kowace randa, yana shinshinawa, yana zura hannu.

Abin da ke cikin randunan nan tandaye ne na fata, ƙanana, kowanne da zarensa a wuya: ja, baƙi, shuɗi, wani ma tsumman atamfa. Cikin kowane tandu tabar lofe ce ta wani dattijo. Ba Baba Halliru ke da ita ba, ajiya ce aka ba shi.

Wanda bai san harkar ba zai yi mamakin a ce taba tana neman mai gadi. Ita tabar lofe a kitse take zuwa, a naɗe cikin kaba, kuma muddin ba a kwance ta ba tana nan lafiya. Ranar da aka buɗe ta, ranar matsala ke farawa. Idan aka bar ta a aljihu ko a kan katanga, zafin bazara ya busar da ita ta zama gari, ta ci wuta fuu kamar yayi, ta ƙone wa mutum maƙogwaro. Idan kuma aka ɗaure ta cikin leda da damina, ta yi gumi ta yi fumfuna, sai dai a zubar. Tsakanin waɗannan biyun Baba Halliru ya yi rayuwarsa. Tun yana sayar da taba kawai, har dattawa suka gane cewa tasa ba ta lalacewa, suka fara dawo masa da abin da suka saya suna cewa, "Halliru, aje mini, in zo in ɗiba kaɗan-kaɗan." Bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa mayar da ajiyar sana'a ba.

Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma ban taɓa ce wa kowa ya sha taba ba, ba kuwa zan fara yau ba. Jinjinar da nake yi ta mutumin ce, saboda yadda ya riƙe abin da aka ba shi da kuma yadda ya riƙe mutanen da suka ba shi. Kowa a Isa ya san saurayi ba ya sayen taba a rumfar nan. Yakan dubi mutum daga sama har ƙasa ya ce, "Tahi ka sayi rake, ɗana. Wagga aba ta waɗanda sunka riga sunka makara ta."

Alhaji Abdulrazak, ɗan kasuwar nan da ke kai kaya Maraɗi yana dawowa, shi da bakinsa yake ba da labarin abin da ya faru da shi, yana dariya har da hawaye. Ya sayi kitso guda mai kyau, ya kwance, ya jefa a gaban mota. Kafin ya je ya dawo, tabar ta bushe ƙamas. Da ya iso gida sai dabara ta zo masa, ya zuba ta a kwano ya kwarara mata ruwa. Washegari ya cika lofe, ya ƙyasta ashana, shiru. Ya sake, shiru. Sai da kwalin ashana ya ƙare, hayaƙi bai tashi ba, sannan ya kwaso kwanon ya nufi rumfa.

Baba Halliru ya leƙa kwanon ya ce, "Alhaji, mi kay yi mata?"

"Ruwa ɗai niz zuba."

"To ai saura gishiri da manja. Miya kaka so ko taba?"

Rumfar ta ɗauki dariya. Amma bai bar shi haka ba. Ya shanya tabar a inuwa a kan faifai, yana juya ta da yatsu har ta sha iska, ya tsince wadda ta mutu. Sannan ya ɗauko ɗan tsingaron tukunya, ya jiƙa shi, ya goge bayansa da gefen riga, ya sa shi cikin tandu tare da tabar, ya toshe. Ya ce masa tsingaron ke shan ruwa, ita taba numfashinsa kawai take so. Kuma babban kitso a bar shi a rufe, a riƙa ɗibar abin kwana biyu a batta, kada a yi ta buɗe tandu kamar ƙofar zaure. Daga ranar, duk direban da ke bin hanyar Sabon Birni zuwa iyaka, in dai mai lofe ne, za ka samu ɗan tsingaro a tandunsa.

Shi dai wannan Alhajin, shekaru bayan haka, tari ya kama shi, muka gwada shi muka ce lallai ya bar taba. Ya ce ya ji. Da la'asar sai ga shi a rumfa yana neman tandunsa mai jan zare. Ashe uwargidansa ta riga shi aikawa. Baba Halliru ya ce, "Tandunka shina nan lahiya lau. Amma ba ni buɗe shi." Alhaji ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya yi fushi ya daina gaishe shi har azumi ya zo ya wuce. Baba Halliru bai motsa ba. Kullum Alhaji ya zo wucewa sai ya miƙa masa goro ya matsa masa a benci. Yau Alhaji Abdulrazak yana zuwa fadama da ƙafa ba ya haki, kuma har gobe a rumfar yake hira, da goronsa a baki.

Kai ne, Baba, mai taba da ke murna idan mai saye ya daina saye. Halliru na Kande, mai hannun sanyi. Ban san wani irinka ba daga nan har Unguwar Lalle.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne labarin Malam Maliki na Turba. Manomi ne, abokin Baba Halliru tun suna samari, kuma yana da ɗan fegi a bakin ruwa inda yake noma taba irin wadda ya gada daga mahaifinsa, mai faffaɗan ganye da ƙamshi kamar na zuma. Duk ranar kasuwa yakan zo Isa ya ɗebi kaɗan daga ajiyarsa, su yi hira, ya koma. Sai rashin zaman lafiyar nan da ya addabi ƙauyukanmu ya kai gare su. Suka baro gida da abin da ke jikinsu, shi da iyalinsa, suka sauka a gidan 'yarsa Binta da ke aure a Isa.

Jikinsa babu rauni, amma mutumin ya tafi. Ya zauna a zaure yana kallon bango. Ba ya magana, tuwo sai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Binta ta kawo shi wurinmu asibiti, muka duba ba mu ga cuta ba, muka ba da abin da za mu iya. Ya ci gaba da ramewa. Ita ce ta gaya mini cewa wata safiya ta tafi rumfar Baba Halliru, ba don komai ba sai don ta rasa wanda za ta kai wa kuka.

Ta ce, "Baba, abokinka za shi mutuwa muna kallo. Ko sunana ba shi kira."

Baba Halliru ya miƙe. Ya shiga ɗakin randuna, ya fito da tandu mai shuɗin zare, ya rufe rumfa da hantsi, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba ranar ciniki, ya bi ta. Tandun nan ya yi damina ya yi rani a wurinsa ba a zo nema ba. Da wani ne, da tuni ya sayar, ko ya manta da shi ya lalace. Shi kuwa kullum sai ya duba shi tare da sauran.

Ya zauna kusa da Malam Maliki a tabarma, ya yi sallama ba a amsa ba. Sai ya cire murfin, ya ajiye tandun a gabansa. Binta ta ce ƙamshin ya cika zauren. Tsohon ya juyo a hankali, ya sa yatsu ya ɗebo, ya murza. Tabar ta lanƙwashe a hannunsa, da laushinta, ba ta karye ba. Ya kai hanci ya daɗe.

Ya ce, "Wagga tawa ta. Ta bakin ruwa ta."

"Taka ta. Ina jiran ka ka zo ka ɗiba, kaƙ ƙiya."

Malam Maliki ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun da suka baro gida, ya kuma yi ta magana har azahar: gonarsa, rijiyarsa, wanda ya tsira da wanda ba a ji labarinsa ba. Da ya gaji ya juya ya ce, "Binta, akwai hura?" Ta ce da gudu ta shiga gida, zani na harɗe ta.

Baba Halliru bai tsaya nan ba. A can gindin randa yana da ƙullin irin tabar Turba, wanda abokin nasa ya taɓa ba shi ajiya shi ma. Da ruwa ya janye, ya nema masa aron ɗan wuri a fadamar Isa. Na je na gani da idona: Malam Maliki da kwashe, wato fartanya, a hannu, yana faɗa da awaki, yana gyara kunya, rabi taba rabi albasa. Da furen ya fito, matan unguwa suka yi layi suna roƙo don haƙoransu, yana rabawa yana tsokanar su. Mutumin da muka fara yi wa addu'ar cikawa da imani, ga shi ya fi kowa surutu a masallaci.

A watan da ya wuce gwiwoyin Baba Halliru suka ce sun gaji da durƙuso. Ya miƙa rumfa da randuna ga Abdulrasheed, ɗan ƙanensa, magidanci mai haƙuri. Dattawan kasuwa suka haɗa masa 'yar walima, matarsa Inna Kande ta yi waina, aka ci aka yi addu'a, kowa ya faɗi abin da ya sani. Shi kuwa yana ta sunne kai yana cewa, "Ni mi niy yi? Yashi ɗai nika jiƙawa."

Ka yi da yawa, Baba. An ba ka ƙaramin abu ka riƙe shi kamar babba, ka kuma san lokacin da za ka buɗe da lokacin da za ka hana. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da muke riƙe da amanar mutane, a asibiti ne, a shago ne, ko a aji, mu duba abin da aka bar mana a hannu, mu kula da shi ko mai shi ya daɗe bai waiwayo ba.

Baba Halliru yana nan da ransa a ƙofar gidansa, yana son baƙi. Wanda ya shigo Isa ya biya ya gaishe shi. Ku tafi masa da goro fari, shi yake so. Kada dai wani ya ce zai burge shi da tsarabar taba. A walimar ne Inna Kande ta tona mana asiri, dattawa suka riƙe baki: duk tsawon zamansu, ba ta taɓa ganin lofe a bakin mijinta ba.