Wayoyin da ke saman gidan Malam Bulus

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Laraba abin ya fara, kuma har yau ranar ba ta fita daga raina ba. Mu uku ne a ofis: ni, da shugaban sashenmu Alhaji Mannir, da direbanmu Haruna. Mai unguwar wani yanki da ke bayan Ƙofar 'Yandaka ya bugo waya, ya ce an gano mai kashe wa 'yan sintiri oba-oba, wato rediyon hannu da suke magana da juna da ita, mu zo da gaggawa, don ba ya jin zai iya riƙe matasa har azahar.

Zan fara da bayanin aikinmu saboda wanda bai sani ba. Ni ƙaramin ma'aikacin fasaha ne a sashen da ke bin sawun ƙarar da ke shiga na'urorin sadarwa. Ban yi jami'a ba, amma ana ce mini Injiniya, na gaji da gyara wa mutane. Idan aka kawo ƙorafi, tsarinmu ba ya canzawa. Da farko a saurari mai ƙorafi. Sai a duba kayan wanda ake zargi. Sai a kashe kayan, a ga ko ƙarar ta tsaya. Daga ƙarshe a ɗauko eriyar hannu, wadda ake juyawa gabas da yamma har allurar mita ta nuna inda ƙarar take fitowa. Yawanci taransifoma ce mai tartsatsi, ko inbatar wutar sola mai arha.

Da muka isa ni da Haruna, mun tarar da lungun cike da mutane, wasu da gora, wasu ba komai a hannu amma fuska a murtuke. Mai unguwa yana zaune a kan benci a bakin ƙofar gidan, ya tare hanyar shiga da jikinsa. Muka gaisa a gaggauce, gaisuwar da ba a tambayi iyali ba.

Mai gidan shi ne Malam Bulus, ɗan kudancin Kaduna, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya a nan Katsina. Rabin waɗanda ke tsaye a lungun ya koyar da su ko 'ya'yansu. A saman gidansa ya kafa sanduna, ya ja wayoyi biyu dogaye a tsakaninsu. Matarsa, Maman Rahila, tana tsaye a bayan labule da mayafi a kafaɗa da jaka a hannu, kamar mai jiran a ce mata gudu.

Na fara da mai ƙorafi, wato Sale, shugaban 'yan sintirin unguwar.

"Injiniya, maganar ba ta da tsawo," in ji shi. "Ran Lahadi da bakinshi ya tare ni ya ce mani, Sale, ku yi hattara, cikin kwanakin nan oba-obanku na iya ɗaukewa da rana tsaka. Jiya ta ɗauke. A daidai lokacin aka kore shanun Malam Jauro a bayan gari, yaranmu na can suna kira ba mai ji. To wa ya gaya mashi? Ko waliyyi ne?"

Wani daga baya ya ce, "Infoma ne." Kalmar, wadda ake kiran mai kai wa ɓarayin daji rahoto da ita, ta bi lungun. Duk wanda ya zauna jihar nan a shekarun nan ya san abin da ke samun mutumin da aka liƙa wa wannan suna. Ba a jiran kotu.

Na shiga ciki don mataki na biyu. Abin da na gani shi ne wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, an haɗa shi da wayoyin sama da kuma tsohuwar kwamfuta. Malam Bulus ya yi mini bayani. Ya ce sauraren rana yake yi. Wani lokaci rana takan yi aman wuta, aman kuma yakan zo da ƙara mai shiga rediyo, irin ta ruwan sama a kan kwano. Shi da wasu masu irin wannan sha'awa a ƙasashe daban-daban suna ɗaukar ƙarar, suna nuna wa juna. A makon suka ga alamar rana ta tashi da rikici, shi ya sa ya gargaɗi Sale.

"Taimako na yi niyya, Injiniya," ya ce. "Da na san haka ne da na kama bakina."

Na kwance akwatin na duba. Kunne ne kawai, ba shi da baki. Babu abin da zai iya aikawa ko da zuwa ƙofar gida. Na fito na faɗa wa jama'a haka. Sale ya ce su ba su iya karanta cikin akwati ba, a yi gwajin da ido zai gani.

Sai na yi mataki na uku. Na cire akwatin, na sa Haruna ya hau ya sauko da wayoyin, muka tara komai a kan tabarma a gaban mai unguwa. Na sauke wutar gidan gaba ɗaya. Sale ya kunna oba-obarsa ya kira yaransa na bayan gari. Murya ta fito tangaran.

"Kun ji ko?" Ya ɗaga ta sama. "An cire kayanshi, ta warke."

Oba-obar lafiyarta ƙalau tun safe, domin rana ba ta yi komai ba tun jiya, amma ba wanda zai saurari wannan yanzu. Gwajin da aka tsara don wanke marar laifi ya zama shaida a kansa. Mutane suka matso taku biyu. Mai unguwa bai tashi daga bencin ba, amma na ga ya damƙe sandarsa.

Na ɗaga murya na ce gwaji bai ƙare ba. Na tambayi Sale ko oba-obar ta taɓa yi musu haka da dare. Ya ce a'a, amma ai ɓarayi su suka san lokacin da suka zaɓa. Na ce to ga sharaɗi: kayan nan za su zauna a kan tabarma, wayar hannun Malam Bulus tana aljihun mai unguwa, shi kuma yana zaune inda kowa ke ganinsa. Idan ƙarar ta dawo a haka, ba daga gare shi take ba.

"In ba ta dawo ba fa?" in ji Sale.

Na leƙa na tambayi Malam Bulus a hankali yaushe yake ganin za ta sake. Ya ce tana iya yi yanzu, tana iya kai jibi, tana iya fasawa. Idan rana ta faɗi kuma, sai gobe.

Muka zauna. Aka kira azahar, muka yi salla kashi-kashi don kada a bar ƙofar ba kowa. Maman Rahila ta aiko da ruwan sanyi a kofuna, ba wanda ya taɓa sai mai unguwa da Haruna. Na buɗe mitata na ajiye a cinya, ina kallon allura kamar mai jinya. Ba ta motsa ba. Wajen ƙarfe uku Alhaji Mannir ya kira ni a waya daga ofis.

"Malam Lawal, me kake yi har yanzu? Ka kwaso kayan, ka ce an tafi da su bincike, ka dawo. Mu ba 'yan sanda ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan motar ofis ta fita da kayan nan, an yanke mashi hukunci ke nan. Ba za mu kai bakin titi ba za a shiga gidan."

Ya ce zai yi magana da ofishin 'yan sanda su turo mota ta tsaya kusa, ni kuma ya ba ni zuwa magariba, daga nan in fito da mutumin da matarsa a motarmu, ko da kaya ko babu. Na fahimci ma'anar wannan. Wanda aka fitar a haka ba ya komawa gidansa.

Aka yi la'asar. Inuwar katanga ta fara hawa tabarmar. Matasan da suka tafi cin abinci suka dawo da wasu, baƙin fuska, waɗanda ba su san Malam Bulus ya taɓa riƙe alli ba. Su na fi tsoro. Na riƙa lissafin tazarar da ke tsakanin ƙofar gidan da motarmu, da yadda za a yi da Maman Rahila, tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Biyar ba ta ƙarasa ba allurar ta zabura. Kafin in yi magana, oba-obar Sale da ta wasu mutum biyu suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, shuuu, kamar an juye tsakuwa a kan rufi. Sale ya danna yana kira, ba amsa. Kayan Malam Bulus suna nan a kan tabarma, shi kuma hannayensa biyu a kan gwiwa.

Ban juya eriyar da kaina ba. Na miƙa wa Sale, na ce ya nuna gidan da ita. Gidan yana gabas da mu. Allura ta sauka. Na ce ya juya a hankali. Ya bi kudu, ya bi ta kan masallaci, da ya iso yamma na ce ya ɗan ɗaga. Allurar ta haye har ƙarshe, bakin eriyar yana kallon rana. Ya mayar da ita kan gidan, ya sake dawowa kan rana, har sau uku, mutane sun yi cincirindo a kafaɗarsa. Bayan 'yan mintoci ƙarar ta lafa, muryar yaransa ta dawo suna tambayar ko lafiya.

Sale ya sauke eriyar, ya share zufa da hularsa. "To, Mai unguwa," ya ce, "wannan kuma wa zai kamo ta?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sulale. Mai unguwa ya sa Sale ya shiga har cikin gida ya ba da haƙuri, ya kuma yi. Shanun Malam Jauro dai ba a same su ba. Malam Bulus yana nan a gidansa, amma Maman Rahila ta rantse waya ba za ta sake hawa saman rufinta ba, kuma ba ta sake ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mitarmu tana auna ƙara ne, ba ta auna tsoron mutanen da aka hana barci shekara da shekaru. Ku ƙananan ma'aikata, kafin ku kashe kayan kowa a gaban jama'a, ku fara kunna na'urar mai ƙorafi kowa ya ji halin da take ciki, ku kuma faɗa musu tun farko cewa shiru ba shaida ba ne.

Kai kuma mai karatu, roƙona gare ka ɗaya ne. Idan ka ga wayar da ba ka gane ba a saman gidan maƙwabcinka, kada ka fara furta kalmar infoma. Ka je wurin mai unguwa, ka ce a kira masu mita su zo su auna, kuma ka tsaya a wurin har a gama.