Dawuda da Taswirar Itatuwan da Aka Sare

Da an idar da sallar asuba Dawuda yake tayar da motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasa mai tsarki, daga unguwar Al-Badi'a, ya nufi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Shekara goma sha tara ke nan. Duk ɗan Najeriyar da ya ɗauka sai ya tambaye shi: "Ta Abuja za ka sauka?" In ya ce e, sai ya ba shi saƙon ambulan ya kai wa dattawan ƙauyensu.

Taswira ce a ciki, zanen biro. Dawuda ɗan Gbagyi ne, 'yan asalin ƙasar da aka gina Abuja a kanta. Yana saurayi aka tashi ƙauyensu. Maƙabarta kaɗai ta rage, mahaifiyarsa tana ciki. Dattawan da suka kai ƙara don a bar maƙabartar ba su da takarda ko ɗaya, sai abin da Dawuda ya riƙe a ka.

Basiru magini, abokin ɗakinsa, ya sha tsokanarsa: "Bagwari, iƙamarka ta izinin zama na neman mutuwa kana zanen bishiyoyi! Wallahi sai kafili ya tattara ka."

"Kai Bakano, in an kore ka akwai Kano. Ni fa?"

Yadda iyayensa suke gane wuri ya zana: kabarin wance a gindin kaɗanya, na wane tsakanin ɗorawa da tsamiya. Da masu awo suka je a 2015, suka tarar an riga an sare itatuwan kaf. Aikin shekara goma ya tashi a banza. Basiru ya ce kwana biyu Dawuda bai ci abinci ba. A na uku ya sayo sabon biro, ya shiga buga wa tsofaffin matan ƙauyen waya yana tambayar inda duwatsun da suke niƙa a kai suke, don su zama alama maimakon itatuwan.

Da duwatsun aka gane kaburbura goma sha ɗaya, aka kewaye su. Na mahaifiyarsa ba ya ciki. Titi ya bi ta kansa.

Kai ne, Baba Dawuda, ka tsare wa uwayen wasu makwanci, taka ta salwanta. Watan gobe za ka koma gida, alhali ba gidan. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya jiƙan Inna.

Ku kuma da tsofaffinku ke raye, ku je yau ku tambaye su inda aka binne naku.