Dutsen Niƙan Inna Kulu

Har yau ban manta da ranar da aka gwada ni a bariki ba, lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgi daga Tsafe zuwa Gusau. Na gudu daga makarantar allo, na bar noma a Mada, na zo fasa dutse. Babana ya ce in na dawo wannan karon, sai kiwon awaki.

Al'adar 'yan fasa dutse ita ce, sabon zuwa zai fara samo wa mai dafa mana tuwo dutsen niƙa. In ta karɓa, ka zauna. In ta ƙi, ka kama hanya. Mai tuwonmu Inna Kulu ce.

Na hau dutse na ga wani baƙin layi ya ratsa farin dutsen, sumul, gwanin kyau. Na ɓallo shi da ƙyar, na kawo ina taƙama. Inna ta zuba dawa ta murza, dawar ta zame ta watse.

Ta ce, "Ɗana, madubi na aike ka?"

Kowa ya yi dariya. Ni kuwa awaki kawai nake gani.

Helmanmu, wato shugabanmu a wurin aiki, Baba Ige, ya taɓa yi wa wani Bature mai duba duwatsu dako. Ya jawo ni gefe ya ce, "Ka san man shanu? In ya narke ya huce a hankali, sai ya yi tsaki-tsaki. In ka sa kwanon cikin ruwan sanyi, sai ya daskare sumul. Duwatsun ga ma narkakku ne dā. Farin ya daɗe can ƙasa yana hucewa, ƙwayarsa ta samu lokaci ta girma. Baƙin ya kutsa cikin tsaga, sanyi ya kama shi nan take."

Na ce, "To ni, Baba?"

"Kai baƙin ne. Gaggawa."

Ya roƙi Inna ta ba ni zuwa la'asar. Na koma na bi dutse ina shafawa har na samu mai ƙwaya manya, mai kartar hannu. Ta murza, gari ya zubo.

Na ɗauki baƙin zan jefar, ta riƙe hannuna. "Aje min. Ya fi tauri. In wanga mai kartar ya yi santsi, da baƙin zan ƙwanƙwasa shi ya farfaɗo."

Tun ranar nake shafa dutse kafin in ɗaga guduma. Sabon zuwa kuma in ya kawo baƙi, ni ke roƙa masa la'asar.