Shekara Tara Ina Ɗanɗana Wa Yaya Miya

Yayata ce shugabar masu girki a kicin ɗin wata masana'antar sabulu, shekara ashirin da biyu ke nan. Mutum ɗari biyu da ɗoriya take ciyarwa kullum da rana, shi ya sa ma'aikata suke ce mata Uwar Tukunya. Ni kuwa wanke-wanke nake yi a can ƙuryar kicin ɗin, kusa da kwata. Ita ce ma ta samo min aikin bayan mijina ya rasu ya bar ni da yara uku. Abin da babu wanda ya sani a wurin sai ni shi ne, Yaya ta yi shekara tara ba ta sa nama a bakinta ba, ko romonsa.

Wata Talata abin ya fara. A wancan lokacin, da ransu ake kawo mana dabbobi, mahauci ya yanka a bayan kicin, a kan siminti. A ranar nan, tunkiya aka kawo. Da ya farke cikinta sai ga 'ya'ya biyu, har sun yi gashi, ɗaya ma yana motsi. Mahauci ya ce, "Kash, ba a duba ba," ya ture su gefe da ƙafa ya ci gaba da fiɗa. Yaya ta tsuguna ta naɗe su a tsumman da take sauke tukunya da shi, ta je gindin katanga ta tona rami da wani tsohon ludayi. Ta dawo ta wanke hannu ta dafa uwar. Da miya ta nuna ta ɗebo a cokali, ta kai har baki, sai ta miƙo min.

"Ƙanwata, ji min gishirin nan."

To, daga ranar na zama bakinta. Dokar wurin ita ce mai girki ta ɗanɗana kowace tukunya kafin a zuba wa mutane, don haka a ɓoye muke yi. Sai in zo wucewa da kwanuka, ta miƙo cokali kamar na wanki ne, in lasa a hanya. In na taɓa kunne, a ƙara gishiri. In na sosa hanci, yaji ya yi kaɗan. In na wuce ban yi komai ba, a sauke. Ita kuma idan kowa ya ci, sai ta buɗe ɗan kwanonta na wake da ganye da ta taho da shi daga gida, ta zauna a kan buhun shinkafa ta juya wa mutane baya.

Kada ku ɗauka na raga mata. Wallahi na yi mata tsiya har na gaji.

"Yaya, wannan wane irin tausayi ne? Ba kya ci, amma ke kike sa a yanka, ke kike soyawa. Ai hannunki ya fi bakina ɓarna!"

"Na sani."

"Kuma abin da Allah ya halatta?"

"Na taɓa ce miki haram ne? Na taɓa hana yaranki?" Ta ci gaba da yanka albasa ba ta ko dube ni ba. "Hannun nan na masu wuri ne, da shi nake ciyar da gida biyu. Bakina kaɗai ya rage min da nake da iko da shi. Ki bar min shi."

Gida biyun da ta faɗa, ɗaya nawa ne.

Haka muka yi ta tafiya, ƙafafunta suna kumbura saboda tsayuwa, nawa hannun duk sabulu ya cinye. Sai bara wata muguwar mura ta kwantar da ni mako biyu. Na tashi, amma ba na jin ɗanɗanon komai, ba na jin ƙamshi. In na tauna tsoka kamar na tauna kwali. Tsoro ya hana ni faɗa mata. Na ci gaba da lasar cokali ina taɓa kunne da ka, yau in dace, gobe in zuba wa mutane teku a faranti. Ma'aikata suka fara dawo da abinci, ni ce kuma mai kwashe shi in zubar, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sabon manaja, wani mai tsabtar tsiya da ko tiririn tukunya ba ya so ya taɓa masa riga, ya shigo ana dab da zuba abinci. Ashe wani ya tsegunta masa.

"Hajiya, an ce min mai wanke-wanke ce take ɗanɗana miki abinci. In haka ne ku biyu kun karya doka, kuma ku biyu za ku tafi." Ya zaro cokali ya miƙa mata. "In ƙarya ne, bismillah, ki faɗa min me ke damun miyar nan."

Na so in yi magana, in ce laifina ne, amma sai na tuna da yarana uku. Yaya ta dube ni sau ɗaya. A wannan kallon na san ta gane komai, har murar da ƙaryar.

Ta karɓi cokalin ta nutsa shi a tukunya. Ya fito da romo da 'yar tsoka a kai. Ta sa a baki, ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Gishiri ya yi yawa, ranka ya daɗe. A ƙara ruwa da dankali."

"Madalla. Daga yau kullum a gabana za ki riƙa yi."

Da aka tashi na neme ta ban gan ta a kan buhunta ba. A baya na same ta, gindin katanga, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, kwanon wakenta a rufe a gefe. Na durƙusa ina kuka ina cewa ta yafe min, ni na jawo.

"Tashi, kada ki ɓata zanenki." Muryarta ta gaji sosai. "Da kin faɗa min tun farko, da mun san dabarar da za mu yi."

"Amai kike ji? In kawo ruwa?"

Ta girgiza kai. Ta daɗe tana kallon wurin da ta tona ramin nan, inda yanzu ciyawa ta rufe.

"Da ma amai nake ji, ƙanwata, da da sauƙi," ta ce. "Daɗi ya yi min."

Washegari da miya ta nuna na zo wucewa da kwanuka yadda na saba, har na rage tafiya a gefenta. Ba ta miƙo min cokalin ba.