Damo da Murhun Rana

Muna yara a unguwar Mansur ta Makka, duk Alhamis da la'asar Baba yakan cusa mu a tsohuwar motarsa, mu da tabarmi da butar shayi, mu fita barri, dajin bayan Makka. Kakata Hajja Ladi ke zama gaba, ƙafarta bisa buhun gawayi. Rana na faɗuwa iska ta juyo, mu kewaye wuta, Hajja ta gyara mayafi.

"Ga ta nan ta fito. Wanda ya katse ni ba shi da shayi."

Wai Damo ne ya je wajen Rana, ya ce sanyin safiya na hana shi kiwo, ta ƙara itace ɗaya a murhunta. Ta ƙara. Da shekara ta zagayo ya koma, ya ce a ƙara biyu. Haka dai, har yashi ya fara gasa ƙafar kowa. Akuya ta kai ƙara, Raƙumi ma ya kai. Aka nemi Damo a yi shari'a, ashe yana ƙasan raminsa mai sanyi. Ya aiko cewa shi bai ji wani zafi ba.

"Sai me, Hajja?"

"Sai me? Aka tono shi aka soya. Yalla, miƙo min sukari."

Hajja ta daɗe da rasuwa. Yanzu zafi ya cinye lokacin fita, saura 'yan makonni a shekara. Baba, da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda ciwon sukari, a falonmu na unguwar Shisha yake kai-komo, yana faɗa da kowa har da labule.

Bara na gaji, na kwashe Baba da iyalina muka fita tun sanyi bai shigo ba. Na hura wuta, babu wanda ya matso. 'Yata Ruƙayya ta kulle kanta a mota da mukayyif, na'urar sanyaya iska, dole ta taga na ba ta tatsuniyar.

"Abuya, ai Damo ya fi ku hankali," in ji ta.

Da ina zaton labarin na makwaɗaita ne. Ranar na gane kowannenmu yana da raminsa mai hura sanyi ciki, yana feso zafi titi.

Na ce mu koma. Baba ya cire takalmi, gumi na zuba, ya nufi wata bishiyar ƙaya can nesa.

"Ku je ku," ya ce. "Ni nan babu bangon da zai juyo da ni."